Tarho Mai Layi Biyu

A watan Agustan 2003 aka ƙaddamar da Skype, kiran ƙasashen waje ya koma kusan kyauta. Sai dai arahar ta zo da sharaɗi: dole mai kira ya zauna gaban kwamfuta, ya maƙala abin sauraro a kunne, na can ɓangaren ma ya kasance kwamfutarsa a kunne take. Uwar da ɗanta ke karatu a Landan ba ta saba da wannan ɗawainiya ba. Ita dai ta san a ɗaga tarho a yi magana.

Wannan giɓi ne kamfanonin Turai suka hango. Suka ɗauki tarho mara igiya na tsarin DECT, wanda aka tsara tun 1992, suka ba mazauninsa ƙofa biyu, ɗaya ta layin wayar girke, ɗaya ta intanet. Na farko-farkon sai an haɗa su da kwamfuta. A wajajen 2007 kuwa, irin su Philips VoIP841 sun rabu da ita baki ɗaya.

Barin tsohon layin ba ƙauyanci ba ne. Skype ba ya kiran lambobin agajin gaggawa, intanet ɗin lokacin kuma yakan yanke ana tsakiyar zance.

A shekarar 2007 ɗin nan ce iPhone ta fito, kiran intanet ya fara komawa aljihu. Microsoft ya sayi Skype a 2011, ya rufe shi a Mayun 2025. Yanzu kuma Birtaniya na shirin kashe tsohon layin nata a Janairun 2027, wayar girken kanta ta bi ta intanet.