Wasiƙar Ramatoulaye da Tarihin Wata Ƙawance

A shekarar 1979 wata malamar makaranta 'yar ƙasar Senegal, Mariama Bâ, ta fitar da littafinta na farko da Faransanci, Une si longue lettre, wato doguwar wasiƙa. Shekara guda bayan haka ya ci kyautar Noma, shi ne ma littafin da ya fara cinta. Ni dai ina karanta shi a matsayin tarihin matan da suka yi boko kafin 'yancin kan 1960, domin a cikinsa nake ganin inda suka jingina sa'ad da gida ya juya musu baya.

Ramatoulaye tana cikin takaba ta ɗauki alƙalami. Wata huɗu da kwana goma za ta yi a killace, ga 'yan gaisuwa cike da gida, amma babu wanda za ta buɗe wa cikinta. Mijin da take wa takabar, Modou Fall, ya daɗe da ƙaurace mata. Bayan shekara 25 da aure da 'ya'ya 12, ya auri Binetou, ƙawar 'yarsu Daba, ya daina leƙo gidan. Ranar sadakar arba'in kuma wansa Tamsir ya zo neman aurenta, kamar tana cikin kayan gado. Ta ƙi shi a gaban mutane.

Wadda take rubuta wa, Aissatou, ta riga ta ɗanɗana irin wannan. 'Yar maƙerin zinariya ce, surukarta kuwa mai tinƙaho da jinin sarauta, don haka ta yi renon wata yarinya daga danginta ta aura wa ɗanta Mawdo. Aissatou ta kwashi 'ya'yanta maza huɗu ta fita, ta ƙaro karatu a Faransa, ta sami aiki a ofishin jakadancin Senegal a Amurka.

Wannan ƙawance tana da tushe a tarihi. A 1938 Turawan Faransa suka buɗe makarantar horar da malamai mata a Rufisque, kusa da Dakar, suna tattaro 'yan mata daga yankunan mulkinsu na Afirka ta Yamma. Mariama, wadda aka haifa a 1929, ta shiga a 1943, ta fito a 1947. Matan littafin sun tashi tare tun makarantar allo, suka kuma wuce irin wannan makaranta. Can suka sami abu biyu da iyayensu mata ba su samu ba: albashi da rubutun da zai ƙetare teku.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne Aissatou ba ta taɓa ce wa ƙawarta ta kashe aurenta ba. Ɗaya ta fita, ɗaya ta zauna, kowacce ta girmama zaɓin 'yar'uwarta. Da ta ji Ramatoulaye da yara suna fama da motar haya, sai ta biya mata kuɗin mota ƙirar Fiat, ita kuma ta koyi tuƙi.

Mariama ta rasu a 1981. Tambayar da littafin ya bar mini tana nan: a gidajenmu, mace mai takaba ko wadda miji ya yasar, wa ke sauraronta bayan an watse zaman makoki?