Abubakar Imam da Zauren Masu Karatun Gaskiya Ta Fi Kwabo

Kafin a kafa jam'iyyar siyasa ko ɗaya a Arewacin Najeriya, akwai wani zaure da 'yan boko ke haɗuwa su yi muhawara ba tare da sun ga juna ba, wato shafin wasiƙu na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Wanda ya share wannan zaure ya shimfiɗa tabarma shi ne Abubakar Imam.

An haifi Imam a Kagara a 1911, amma Katsina ce ta rene shi a fagen ilimi: a Kwalejin Katsina ya yi karatu, a Midil ta Katsina ya koyar. Yana wannan aiki ya shiga gasar ƙagaggun labarai ta 1933, inda Ruwan Bagaja ya fito cikin waɗanda suka yi nasara. Daga nan Rupert East na Hukumar Talifi ya jawo shi Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, shi ne editanta na Hausa.

Jaridar ta Turawan mulki ce, kuma bukatarsu a bayyane take: a kashe jita-jita, a isar da saƙon gwamnati, musamman da yaƙi da Jamus ya ƙarato. Imam bai tsaya nan ba. Ya buɗe ƙofa ga masu karatu su aiko da ra'ayi, ana bugawa, wani ya mayar da martani daga wani lardin. Malamin makaranta, akawun En'e da ma'aikacin asibiti, waɗanda nisa ya raba, suka gane cewa damuwarsu ɗaya ce: ƙarancin makarantu, danniyar wasu masu riƙe da sarauta, da ratar da Kudu ta ba Arewa. A zamanin da talaka ba ya ɗaga murya a gaban hakimi, ganin ƙorafi a rubuce, da Hausa, ba ƙaramin abu ba ne.

Masu jin jaridar sun fi masu sayenta yawa. A ƙasar Katsina, wadda Kankiya da Kusada ke cikinta, da sauran lardunan Arewa, masu iya karatun boko kaɗan ne a lokacin, don haka mutum ɗaya kan karanta, jama'a su saurara.

Ba a rasa masu ganin Imam ya cika sassauci ba, domin gyara yake nema, ba rushe tsarin sarauta ba. Duk da haka, a ziyararsa ta Ingila a 1943 tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ciki har da Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lugga ya faɗa masa matsalolin mulkin En'e. Yana kuma cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama NPC a 1951. Masu zafin ra'ayi kuwa suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Ɓangarorin biyu, duk da adawarsu, daga ajin masu karanta wannan jarida suka fito.

Imam ya rasu a 1981.