Fakara

fakara [fàkáráa] sn., mc.; jam. fàkàrúu.

1. Tsuntsuwar daji mai launin ƙasa-ƙasa da dabbare-dabbare, dangin zabo da kaza, wadda take kiwo a ƙasa, ta yi ƙwai cikin ciyawa, kuma gudu ya fi mata tashi sauƙi. Namijin irin da ake samu daga Senegal zuwa Chadi yana da ƙaimi 2 a bayan kowace ƙafa, yakan hau suri ya yi kuka da asuba. Mis.: *Fakaru sun tone shukar gero a gonakin Mandera.*

2. Naman tsuntsuwar. Mis.: *farfesun fakara.*

Dangogi: ɗan fakara, tarkon fakara.

Daidai da: makwarwa [mákwárwáa], jam. màkwàarée.