Tarihin Farautar Sankarar Mama da Wutar Lantarki

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka sankarar mama take: in an gano ta da wuri, magani kan ci ta; in ta yi jijiya, sai ta gagara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata wajen miliyan 2.3 aka samu da cutar, kimanin 670,000 kuma suka rasu.

Tun 1913 wani likitan fiɗa na Jamus, Albert Salomon, ya fara ɗaukar hoton eksire na maman da aka yanke, daga nan hoton mama ya samo asali. To amma hoton yana da rauni: naman maman mace mai ƙuruciya yana da kauri, ƙulli kan ɓuya a cikinsa. Shi ya sa masana suka nemi wata ƙofa.

A 1926, Hugo Fricke da Sterne Morse na Cleveland a Amurka suka nuna cewa ƙullin sankara ba ya karɓar lantarki kamar lafiyayyen nama. Daga baya aka fahimci dalili: ƙullin ya fi ruwa da gishiri, saboda haka turjiyarsa ga lantarki ba ta kai ta kitsen da ke kewaye da shi ba. Ke nan in aka tura 'yar wuta kaɗan, aka auna turjiyar, ana iya gane inda ɓarna take.

Mai da awon ya zama hoto shi ne jan aiki. A 1980 Alberto Calderón, masanin lissafi ɗan Ajantina, ya tsara tambayar a lissafe. A farkon shekarun 1980 David Barber da Brian Brown na Sheffield a Ingila suka fitar da hotunan cikin jiki ta wannan hanya. A 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar T-Scan 2000 ta wani kamfanin Isra'ila, amma a matsayin mataimakiyar hoton mama kurum. A 2006 kwamitin masana na hukumar ya ƙi goyon bayan a riƙa tantance mata 'yan shekara 30 zuwa 39 da sabon samfurinta.

Me ya kawo cikas? Hasken eksire a miƙe yake tafiya, lantarki kuwa kamar ruwan sama yake, inda ya ga gangare nan yake bi. Don haka hoton kan fito dishi-dishi, ƙaramin ƙulli ya kuɓuce.

Mu masu alƙalami, wannan tarihi gargaɗi ne gare mu. Kada sabuwar na'ura ta ruɗe mu mu yi mata kirarin da ba ta kai ba. Mu shaida wa iyayenmu mata da ƙannenmu cewa duk wadda ta ji ƙulli ta garzaya asibiti, domin gwajin tsokar da aka ɗebo shi ke yanke hukunci.