Ƙaramin Manomi a Kankiya da Kusada: Gona, Taki da Gawo

Kankiya da Kusada ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a tsakiyar Jihar Katsina, waɗanda tare da Ingawa suke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Akasarin mazaunansu manoma ne masu dogaro da damina guda, wadda ke kankama a watan Yuni, ta ɗauke wajen ƙarshen Satumba.

Gero da dawa ne ginshiƙin gona a nan, sai a ratsa wake ko gyaɗa a tsakaninsu. Tsohuwar hikima ce: wake da gyaɗa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsu na ciyar da tumaki da awaki da rani, takin dabbobin kuma ya koma gona kafin shuka.

Ƙarancin fili ne ke raunana wannan tsari. Rabon gado na tsinka gonaki daga zuriya zuwa zuriya, har barin gona saura don ta huta ya zama abin da ƙalilan ke iyawa. Idan jigawa ta gaji, wuta-wuta ke mamaye ta, dawa ta tsumbure tun ba ta fid da kai ba. Maganin da gwamnatoci suka fi sabawa da shi shi ne rabon takin zamani, wanda ke taimakon amfanin bana amma bai gyara ƙasar baɗi. Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 kuma ya ƙara tsadar sufurin taki da hatsi.

Akwai darasi a Maraɗi, maƙwabciyar Katsina ta arewa. Tun cikin shekarun 1980 manoman can suka rungumi sassabin zamani: maimakon sare tohon itatuwa lokacin sharar gona, sai a zaɓi masu ƙarfi a raine su. Gawo ya fi amfani, domin da damina yake zubar da ganye, ya taƙi ƙasa ba tare da ya inuwantar da shuka ba.

Shirin ACReSAL na dala miliyan 700, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2021, ya ƙunshi Katsina, kuma farfaɗo da ƙasar noma ne manufarsa. Sai dai itace na buƙatar shekaru, kuma manomin da ke riƙe da gonar aro, haya ko jingina ba ya da tabbacin shi zai noma ta baɗi.