Farar Ƙafar Masu Jego: Daga Manchesta ta 1784 zuwa Gano Asalin Gyambo

A shekarar 1784 likita Charles White, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa babban asibitin Manchesta a 1752, ya wallafa bincike a kan kumburin da kan kama ƙafar mace bayan haihuwa. Ƙafar takan yi fari fat, ta ɗaure, ga azabar ciwo. Kafin wannan lokaci likitocin Faransa, musamman Nicolas Puzos, sun ɗauka ruwan nono ne ke gangarowa ya taru a cinya. White ya ƙi yarda da haka. A ganinsa, kan jariri ne ke danne hanyoyin farin ruwan jiki a ƙugu lokacin naƙuda, har su toshe ko su fashe. Bai dace da gaskiya ba, amma ya raba cutar da tatsuniyar nono, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Da hannunsa kuma aka kafa asibitin haihuwa na birnin a 1790, wanda a yau ake kira St Mary's, a kan hanyar da ta ratsa Rusholme ta nufi Fallowfield.

Sai a 1823 David Davis na Landan ya nuna, ta hanyar binciken gawa, cewa manyan jijiyoyin jini na cinya da ƙugu ne suka toshe. A 1856 Rudolf Virchow ya fito da bayaninsa a kan yadda gudan jini ke ɓallewa ya tafi huhu.

Hankalin likitoci ya fi karkata ga wadda gudan jini ya kashe. Wadda ta tsira kuwa, sai bayan shekaru ta dawo da ƙafa mai nauyi, fata ta yi duhu ta taurare a saman idon sawu, wani lokaci da gyambon da ya ƙi warkewa, ba tare da an danganta shi da jegon da ya wuce ba. John Homans na Boston, a 1917, ya ware irin wannan gyambo daga sauran, sannan Gunnar Bauer na Suwidin ya bi sawun cutar da hoton jijiyoyi a 1942. Dalilin a yau sananne ne: gudan jinin yakan lalata ’yan marafan da ke cikin jijiya, waɗanda ke hana jini komawa ƙasa, ko ya bar hanyar a ƙuntace, sai jini ya riƙa kwanciya a ƙwauri. Ana ƙiyasta cewa kashi 20 zuwa 50 cikin 100 na waɗanda jini ya daskare musu a jijiya mai zurfi suna gamuwa da wannan larura.

Rigakafin kuwa har yanzu ana ja-in-ja a kansa. An daɗe ana dogaro da safa mai matse ƙafa, amma babban gwajin da Susan Kahn ta jagoranta, wanda mujallar Lancet ta buga a 2014, bai samu shaidar cewa safar tana hana cutar ba.