Haɗa ƙasar reno mai saurin tsane ruwa: kayan haɗi da inda za ka same su

Idan kana renon tumatir, attaruhu, tattasai ko dashen mangwaro da gwaiba a leda, ko kana noman buhu a tsakar gida, ƙasar da ka zuba ita ce ke yanke hukunci tun kafin iri ya fito. A gona, ruwa yana gangarawa ƙasa ya bar saiwa ta numfasa. A cikin leda kuwa ba shi da wurin zuwa sai 'yan hujojin da ke gindi. Ƙasar yankin Funtuwa, Bakori, Danja, Ƙafur da Malumfashi tana da laka fiye da ta arewacin jihar Katsina, shi ya sa masara da auduga ke jin daɗinta. Amma in ka ɗebo ta zalla ka cika leda, sai ta danƙare, ruwa ya kwanta, musamman a marka ta watan Agusta. Daga nan sai ka ga ganye ya yi rawaya, gindin karan ya tsuke ya yi baƙi, dashen ya kife. Kuɗin iri sun tafi, lokacin dashe ya wuce.

Maganin shi ne a haɗa abu uku: mai riƙe danshi, mai buɗe hanyar ruwa da iska, da mai ciyar da shuka.

Ƙasar sama

Ka ɗebi ta saman nan, zurfin da bai wuce taƙi ɗaya ba, daga fili ko gindin bishiya. Kar ka ɗebo daga gonar masara da aka yi wa feshin maganin ciyawa irin su atrazine a daminar da ta wuce, domin ragowarsa kan ɗauki watanni a ƙasa, kuma tumatir ba ya jure masa. Haka nan ka guji wurin da aka saba noman tumatir ko kuɓewa, saboda tsutsar da ke sa saiwa ƙulle-ƙulle.

Yashi

A nan ake yawan yin kuskure. Rairayi mai laushi irin na filasta ba ya tsane ruwa. Cike ƙofofin ƙasa yake yi, in ya haɗu da laka sai su zama kamar bulo. Abin da kake nema shi ne yashi mai kaushi na gindin rafi, wanda magina ke zuba kankare da shi. Ana samunsa wurin masu tifa da masu buga bulo. Ka murza a tafin hannu: in kana jin ƙwayoyinsa ɗaya-ɗaya, shi ne. In ya bar laka a hannunka, wanke shi tukuna.

Buntun shinkafa

Duk inda ake casar shinkafa za ka ga tarinsa a bayan inji, kuma ba shi da tsada. Ba nauyi, ba ya saurin ruɓewa, yana barin iska ta shiga. Buntu kake so, ba dusa ba; dusa tana tsami, ta kawo hunhuna da ƙwari. Ya fi kyau a babbaka shi: a hura wuta a cikin tsohon gwangwani mai huji da bututu, a tara buntun kewaye da shi, ya ci a hankali. Da ya yi baƙi gaba ɗaya sai a baza a yayyafa ruwa. Kar a bari ya zama farar toka, toka tana toshe ƙasa kuma tana ƙona ƙananan saiwa. Babbakar tana kashe irin ciyawa da ke ciki.

Taki

Kashin shanu ko na awaki da tumaki wanda ya ruɓe sosai, ya yi baƙi, ba wari, ba zafi in ka tura hannu ciki. Ɗanyen taki yana ƙona dashe. Kashin kaji ya fi ƙarfi, don haka rabin awon na shanu ya isa. A tankaɗe a cire leda, ƙwalba da tsakuwa.

Sauran abubuwa

Ɓawon gyaɗa da aka daka, da ɓurɓushin gawayi daga wurin masu sayar da shi, duk suna iya maye gurbin buntu. Garin katako kuwa kar ka sa sabo, domin yayin da yake ruɓewa yana janye sinadarin nitrojin da shuka ke buƙata, sai ganye ya koɗe. A bari ya ruɓe da taki na wasu watanni. Ɓawon gyaɗa da garin katako suna jawo gara, sai a ɗora ledojin a kan shimfiɗar leda ko dakali. Akwai kuma na kanti, kamar perlite da garin ɓawon kwakwa, waɗanda masu reno a tire ke saye. Suna da kyau, amma ba dole ba ne.

Awon haɗi

Yi amfani da abin awo ɗaya, bokiti ko kwanon sarki.

Dashen itatuwa a leda: ƙasa 2, yashi 1, taki 1.

Renon kayan miya: ƙasa 1, buntu babbakakke 1, taki 1, da rabin awo na yashi.

Noman buhu: ƙasa 2, taki 1, buntu 1, yashi 1.

Wannan mafari ne kawai. In ƙasarka ta fadama ce mai danƙo, ƙara yashi ko buntu. In ta jigawa ce, rage yashin.

Gwaji kafin shuka

Jiƙa haɗin ka dunƙula a hannu. Ya kamata ya kama, amma da ka taɓa da yatsa ya warwatse. Sannan cika leda ɗaya ka zuba ruwa: ya nutse nan take, ya fara ɗiga ta ƙasa. In ya tsaya a sama, haɗin ya yi nauyi. Ka huda gindin leda da gefenta na ƙasa huɗu zuwa shida. Zuba tsakuwa a gindi ba ya gyara haɗi mai nauyi. Ruwan sama da tsakuwar yake taruwa, kusa da saiwa.

Don kashe cututtuka, a jiƙa haɗin a baza shi, a rufe da farar leda mai ganin ciki, a danne gefenta, a bar shi cikin rana mako 4 zuwa 6. Zafin Maris da Afrilu ya fi dacewa da wannan.

Ga ƙungiyoyin manoma

Tifa ɗaya ta yashi ta fi ƙarfin mutum ɗaya, amma in an yi karo-karo sai ta zo da sauƙi. A tanadi buntu bayan kaka, lokacin da injina ke aiki sosai, a ajiye a rumfa. A tara taki tun da rani don ya ruɓe kafin a buƙace shi. In dashe ya ci gaba da mutuwa duk da an gyara haɗi, a kai samfurin shukar da ƙasar wurin malamin gona na hukumar KTARDA a shiyyar Funtuwa, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, kafin a sake zuba wani irin.